Kuza da Wutar Lantarki a Kwarurukan Tudun Jos

1.0 Gabatarwa

Idan aka tambayi ɗalibi inda aka fara samar da wutar lantarki da ƙarfin ruwa a Nijeriya, da wuya ya ambaci wani wuri in ba Kainji ba. Ba a ga laifinsa ba, domin madatsar Kainji ita ce ta yi suna, ita ce kuma aka fi koyarwa a makarantu. Amma shekara 45 kafin a kammala Kainji a 1968, akwai wata ƙaramar tasha da aka kafa a 1923 a Kwall, bisa kogin Ngell, yamma da garin Jos. Masu haƙar kuza ne suka gina ta da kuɗinsu, domin su juya injinansu. Bayan shekara shida, watau a 1929, aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tasha mafi girma a magangarar ruwa ta Kurra, shi ma domin wannan bukata.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda kuza da lantarki suka taso tare a kwarurukan kogunan Tudun Jos. Za a ga cewa ruwa ɗaya ne ya yi aiki uku a wannan ƙasa: shi ya tara kuza a gindin rafuka tun fil azal, da shi ake wanke kuza a raba shi da yashi, shi ne kuma ya ba da wutar da aka haƙo shi da ita. Za a duba waɗanda suka ci moriyar wannan ruwa da waɗanda suka ɗauki wahalarsa, sa'an nan a taɓo alamun da tarihin ya bari a cikin harshen Hausa da rayuwar masu magana da shi.

2.0 Ƙasar da kogunanta

Tudun Jos wani faffaɗan tudu ne a tsakiyar Nijeriya, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,600. Tsayinsa daga bakin teku ya haura mita 1,200 a yawancin wurare, duwatsun Shere da ke gabas da Jos kuwa sun kai wajen mita 1,800. Wannan tsayi shi ya sa ƙasar ke da sanyi, ya kuma sa take samun ruwan sama fiye da filayen da ke arewa da ita, kimanin milimita 1,400 a shekara, daga watan Afrilu zuwa Oktoba.

Daga wannan tudu koguna ke watsuwa ta kowace fuska. Kogin Dilimi, wanda ya ratsa cikin Jos, yana bi arewa maso gabas ya shiga jerin kogunan da ke nufar Tafkin Cadi. Kogin Kaduna daga nan ya samo asali, ya je ya faɗa Kwara. Gongola ma daga gabashin tudun ta taso, haka nan Mada da wasu ƙananan koguna da ke gangarawa kudu zuwa Binuwai. A gefen yamma da kudu tudun bai sauka a hankali ba, ya yanke ne kamar katanga, saboda haka kogunan da suka iso bakinsa sukan zubo ƙasa daga nesa da ƙarfin gaske.

Shi kuwa kuza a cikin duwatsu masu tauri, waɗanda masana ke kira giranit, aka halicce shi. Cikin dubban dubban shekaru rana da ruwa suka riƙa farfasa duwatsun, rafuka suna kwashe ɓarɓashin. Da yake ƙwayar kuza ta ninka ta yashi nauyi fiye da sau biyu, sai ruwa ya wuce da yashi ya bar kuza kwance a gindin rafi. Wasu daga cikin tsofaffin rafukan ma daga baya ƙasa ta rufe su, wasu kuma narkakken dutse na aman wuta ya binne su. Wannan shi ya sa mai neman kuza a Tudun Jos yake bin kwari, ko kwarin da ruwa ke gudu a yau, ko wanda ya yi gudu a da.

3.0 Dalma kafin zuwan Turawa

Bahaushe ya san wannan ma'adini tun kafin Bature ya taka ƙasar. Harshen ma ya bambanta tsakanin kuza, watau baƙin yashin da ake samu a rafi, da dalma, watau farin ƙarfen da ake samu idan an narka shi. Garuruwa biyu ne suka yi fice a wannan sana'a: Liruwen Kano a kudancin ƙasar Kano, da Liruwen Dalma a ƙasar Bauci. Sunan na biyun kansa shaida ne kan abin da mutanensa suka shahara da shi.

Yadda suke yi shi ne a ɗebo yashin rafi a ƙwarya, a yi ta jujjuya shi cikin ruwa har mara nauyi ya zube, kuza ya saura. Sa'an nan a zuba shi a tanderun yumɓu tare da gawayi, a yi ta zuga har ya narke. Narkakkiyar dalmar akan zuba ta cikin 'yan ramuka da aka fitar da siffarsu da tsinken ciyawa, ta daskare ta zama siraran sanduna. A wannan siffa fatake ke ɗaukarta zuwa kasuwanni irin su Kano, inda maƙeran fari ke amfani da ita wajen kayan ado da shafe kayan tagulla.

Waɗannan sanduna su ne suka tona asirin arzikin ƙasar. A cikin shekarun 1880 ma'aikatan Kamfanin Neja da ke ciniki a bakin Binuwai suka ga irinsu a hannun fatake, suka shiga tambayar inda suke fitowa. Bayan da kamfanonin Turawa suka kafu, dokokin ma'adinai suka ƙuntata wa masu narka dalma na gargajiya, har sana'ar ta mutu cikin 'yan shekaru.

4.0 Shigowar kamfanoni

A 1902 Kamfanin Neja ya aiko da ayarin bincike ƙarƙashin wani injiniya, George Nicolaus, wanda ya tabbatar akwai kuza a rafukan da ke gangarowa daga tudun. A 1903 H. W. Laws ya biyo baya, ya kafa sansani a Naraguta kusa da kogin Dilimi. Mutanen ƙasar, irin su Birom da Anaguta da Afizere da Irigwe, yawancinsu ba su taɓa zama ƙarƙashin sarakunan Daular Usmaniyya ba, ba su kuma yi maraba da baƙin ba. Sai da aka yi ta aika sojoji shekara da shekaru kafin masu bincike su iya yawo cikin ƙasar.

Wajen 1909 zuwa 1910 labarin kuzan Nijeriya ya cika kasuwar hannun jari ta London, aka kafa kamfanoni barkatai. Da farko a ka ake ɗaukar kuza, tafiyar kwana da kwanaki, zuwa bakin Binuwai. Don rage wannan wahala aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta iso Bukuru a 1914. Babbar hanyar da ta taso daga Fatakwal ta bi ta Inugu da Kafancan kuwa sai a 1927 ta iso Jos.

Akwai wani sharaɗi na doka da ya kamata mai karatu ya sani. Dokar mulkin mallaka ta mai da dukkan ma'adinan da ke cikin ƙasa mallakar gwamnati. Bugu da ƙari, lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, ta yi masa alkawarin rabin kuɗin fito na ma'adinan da za a haƙa a wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Sai wajen 1950 gwamnatin Nijeriya ta fanshi wannan haƙƙi a kan fam 1,000,000. Manomin da aka sami kuza a gonarsa ba shi da kaso a wannan lissafi, in ban da 'yar diyyar amfanin gona.

5.0 Matsalar ruwa da makamashi

A shekarun farko da diga da shebur da kwano ake aikin. Lebura ya haƙa, ya cika kwano, ya ɗauka a ka zuwa wurin wanki, inda ake zuba ƙasar cikin dogon komi na katako, a sako mata ruwa. Ruwa ya tafi da laka da yashi, kuza ya kwanta a gindin komin. Wannan hanya ta isa muddin kuza yana kusa da sama. Amma da aka cinye na bakin rafuka, sai ya zama dole a ture ƙasa mai kauri kafin a tarar da shi, ramin kuma da ya yi zurfi sai ruwan ƙasa ya cika shi.

A nan kamfanoni suka gamu da matsala iri biyu. Ta farko ita ce ruwa. Da damina yakan yi yawa har ya hana aiki cikin rami, da rani kuwa rafuka su ƙafe a rasa na wanki. Sai aka shiga gina ƙananan madatsu da haƙa magudanai masu tsawon mil da yawa don kai ruwa filin aiki. Ta biyu ita ce makamashi. Famfunan da ke tsotse ruwa daga rami, da masu zuƙo tsakuwa da laka su tura su sama, da manyan mesa masu feshin ruwa da ke rusa gaɓar rami, duk suna bukatar ƙarfin inji dare da rana. Tudun Jos kuwa fili ne mai ƙarancin itace. Kwal yana Inugu, kuma ko bayan da jirgi ya iso, kuɗin dakonsa ya yi yawa. Man inji daga ƙasashen waje ake kawo shi. Abin da ƙasar ke da shi a yalwace, ba tare da an saya ba, shi ne ruwan da ke zubowa daga bakin tudu.

6.0 Kwall da Kurra

Hikimar tashar lantarki ta ruwa ba ta da wuyar fahimta. Akan tare kogi a sama, a bi da ruwan ta magudana zuwa bakin gangare, a dulmiya shi cikin ƙaton bututun ƙarfe wanda ya miƙe zuwa gindin dutse. Ruwan yakan fito da matsi mai tsanani ya bugi wata farfela ta ƙarfe, ita kuma ta juya janareto, wuta ta samu. Yawan wutar ya dogara ga abu biyu: yawan ruwan, da nisan da ya faɗo. Alal misali, ruwa mai yawan lita 1,000 a kowace daƙiƙa, idan ya faɗo daga tsayin mita 100, zai ba da kimanin kilowat 800 bayan an cire asarar inji. A Kainji yawan ruwan Kwara ne abin dogaro. A Tudun Jos kogunan ƙanana ne, amma zurfin gangaren ya rama musu.

Kogin Ngell ya taso daga wajajen Bukuru, cikin tsakiyar filin kuza, ya nufi yamma ya zubo daga tudu a Kwall, cikin ƙasar Irigwe. A nan ɗaya daga cikin kamfanonin kuza ya kafa tashar 1923 mai ƙarfin megawat 2. Ba ta da girma, amma ta nuna wa sauran kamfanoni cewa abin mai yiwuwa ne, kuma ya fi kwal araha. Illarta ita ce da rani kogin yakan ja baya, wuta ta ragu a daidai lokacin da ramuka suka bushe aka fi son aiki.

Wannan ne ya sa aka juya zuwa kudu maso yammacin tudun, a yankin da ke cikin ƙaramar hukumar Barikin Ladi a yau. Kamfanin NESCO ya gina tashar Kurra tare da tafkin ajiyar ruwa, ya ja wayoyi zuwa Bukuru da sansanonin haƙa. Ƙarfin tashar ya kai megawat 8. A shekarun da suka biyo baya aka ƙara tasoshi biyu a Jekko, ƙasa da Kurra, da wasu ƙanana a Ankwil, sama da ita, ta yadda ruwa ɗaya yakan juya injin wata tasha ya gangara ya juya na gaba. Tashar Kwall ma daga baya ta koma hannun NESCO.

Samuwar wuta ta sauya fasalin sana'ar. Kamfani mai jari shi ke iya sayen manyan famfuna da jirgin haƙa mai yawo a kan tafki, da ƙaton injin nan mai dogon wuya da guga wanda ke kwashe ƙasar sama. Ƙananan kamfanoni suka riƙa narkewa cikin manya, musamman bayan karyewar kasuwar duniya ta 1929 da yarjejeniyar 1931 wadda ta ƙayyade yawan kuzan da Nijeriya da Malaya da Bolibiya da tsibiran Indunusiya na yanzu za su fitar. A 1939 aka haɗa manyan kamfanoni aka sami ATMN, mai hedkwata a Bukuru, wanda ya zama mafi girma a filin. Duk da haka inji bai kori kwano ba. Ladan lebura yana da araha ƙwarai, har ya zamana kamfanoni da yawa sun ga ya fi musu riba su ci gaba da aiki da hannun mutane. A ƙarshen shekarun 1920 leburorin filin kuza sun kusa 40,000, yawancinsu 'yan cin rani waɗanda neman kuɗin haraji ya fito da su daga gida.

7.0 Yaƙin Duniya na Biyu da madatsar Tenti

A farkon 1942 sojojin Japan suka mamaye Malaya, wadda ita ce babbar mai samar wa Ingila kuza. Dalma kuwa kayan yaƙi ce, domin da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake like wayoyin na'urori, tana kuma shiga cikin gaurayen ƙarafan injina. Nan take ido ya koma kan Nijeriya. Gwamnati ta kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa hukumomin En'e na lardunan Arewa su kawo mutane. Hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwa, wanda ba shi da gata shi ake rubutawa. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 kimanin mutum 100,000 aka kai filin kuza ta wannan hanya, kowane rukuni na wasu watanni.

Ƙarin haƙa yana bukatar ƙarin wuta, ƙarin wuta kuma yana bukatar ƙarin ruwan ajiya domin rani. Saboda haka aka tura wani kaso na waɗannan mutane aikin gina madatsar ruwa a Tenti, sama da Kurra. Wuri ne mai tsayi, fili fetal, ga iska ga sanyi. Mutanen da aka kwaso daga ƙasashe masu zafi kamar Sakkwato da Katsina da Barno sun iso ba su da tufafin kirki, bukkokin kwana ba su wadata ba, abinci ya yi ƙaranci saboda yawan bakunan da aka tara a ƙasar da ko a da ba ta ciyar da ma'aikatanta. Ciwon haƙarƙari da atuni suka yi ɓarna. Tenti ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi mutuwa a duk tsawon shirin, mutane da yawa kuma suka gudu suka kama hanyar gida a ƙasa.

A 1943 kuzan da aka fitar ya haura tan 17,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Amma ƙarin bai kai yadda aka yi tsammani ba in aka dubi yawan mutanen da aka tara, domin mai yunwa da zazzaɓi ba ya cika kwano. Suka ta yi yawa har a majalisar dokokin Ingila, aka soke shirin a 1944. Madatsar kuwa ta tsaya, ta ci gaba da tara ruwan da ke juya injinan Kurra da Jekko.

8.0 Kura da shan bugu

Wayoyin lantarki sun bi inda kuza yake. Sun kai wuta ramukan haƙa, da ma'aikatun gyaran inji, da gidajen manyan ma'aikata a wurare irin su Rayfield, sa'an nan garuruwan Jos da Bukuru. Wannan ya ba Jos fifiko a kan yawancin biranen Arewa, ya kuma taimaka wajen kafa masana'antu, har da masana'antar narka kuza ta Makeri wadda aka buɗe a farkon shekarun 1960. Amma ƙauyuka da yawa sun ga turakun waya sun ratsa gonakinsu shekaru aru-aru, su kuwa suna kwana da aci-bal-bal.

Babbar asarar mutanen ƙasar ita ce gona. Fadamu da bakin rafuka, inda ƙasa ta fi albarka, nan ne kuza yake. Manomin Birom da ke shuka acca cikin gonarsa mai shingen ƙerana ya wayi gari an ba da hayar filin ga kamfani. Bayan an gama haƙa sai a bar masa rami da tsibin jar ƙasa wadda ko ciyawa ba ta so. Lakar wanki kuma ta bi rafuka ta cike su, ta rufe gonakin da ke ƙasa. An ƙiyasta cewa filin da haƙar kuza ta ɓata ya haura murabba'in kilomita 300. Ƙorafin ƙasa na cikin dalilan da suka sa 'yan Birom suka kafa ƙungiyarsu ta neman ci gaba a 1945. Dokar ma'adinai ta 1946 ta tanadi a riƙa gyara filin da aka haƙa, aka kuma dasa itatuwan turare a wasu wurare, amma abin da aka gyara kaɗan ne daga cikin abin da aka ɓata.

Wani abin da ramukan suka fito da shi ba a neme shi ba. A 1928, wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau, aka tono wani mutum-mutumi na gasasshen yumɓu. A 1943 aka kawo wa Bernard Fagg wani kan daga yankin Jama'a, ya lura da kamarsu. Daga nan aka gane al'adar Nok, wadda ta haura shekara 2,000, aka kuma buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

9.0 Sawun kuza a harshen Hausa

Filin kuza ya tara Hausawa da Kanuri da Fulani da Tibi da mutanen tudun kansu, ga kuma akawuna da masu sana'ar hannu daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, watau Ghana ta yau. Dole a sami harshen da za a yi magana da shi a bakin rami da kasuwa, Hausa kuwa ita ce ta ɗauki wannan nauyi. Turawan haƙa ma da ita suke ba da umarni. Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa Hausa ta zama harshen hulɗa a ƙasar da ke da harsuna masu yawan gaske.

Taswirar yankin ta isa shaida. Barikin Ladi, Sabon Gida, Gindin Akwati, Dorowa, Mai Adiko, Dogon Nahawa, duk sunayen Hausa ne a tsakiyar ƙasar da ba ta Hausa ba, yawancinsu kuma matsugunan ma'aikatan kuza ne tun asali. Kalmomin aro na aikin ƙarfi da na inji, irin su lebura, diga, shebur, kwangila, famfo, inji, waya, makaniki da ita kanta kalmar lantarki, sun shigo Hausa ta ƙofofi da dama, da suka haɗa da aikin soja da na jirgin ƙasa, amma filin kuza na cikin wuraren da suka zauna da gindinsu, 'yan cin rani kuma suka koma da su ƙauyuka. Kalmar bariki ma ta faɗaɗa. Daga ma'anar mazaunin soja ko Bature, ta koma tana nufin duk rayuwar da ake yi nesa da idon iyaye da dangi, har aka sami ɗan bariki da zaman bariki, da kuma Barikanci, watau gurguwar Hausar da baƙi ke yi a tsakaninsu. Cikin irin wannan gari, Bukuru, aka haifi Ɗan Maraya Jos a 1946, mawaƙin da ya shahara da kuntigi da kuma waƙe talaka ɗan birni.

Zuriyar waɗancan ma'aikata sun zauna, sun haifi 'ya'ya da jikoki waɗanda ba su san wani gida ba. Su kuma masu ƙasa suna tuna gonakin da suka rasa ba da shawararsu ba. Muhawarar ɗan ƙasa da baƙo, wadda ta kai ga zubar da jini a Jos a 2001 da 2008 da 2010, tana da dalilai da yawa, amma ɗaya daga cikin saiwoyinta yana cikin wannan tarihi, wanda babu ɗayan ɓangarorin biyu da ya tsara shi.

10.0 Faɗuwar kuza

Bayan yaƙi kasuwa ta sake tashi na ɗan lokaci saboda wani ma'adini, kolombayit, wanda a da ake zubarwa tare da dattin wanki. A farkon shekarun 1950, zamanin yaƙin Koriya, Amurka ta riƙa sayensa da tsada don ƙera injinan jiragen sama, Nijeriya kuwa ita ke samar da mafi yawansa a duniya. Da Amurka ta daina tarawa farashin ya faɗi. Daga shekarun 1970 haƙar kuza ta shiga ja da baya: na sama ya ƙare, na ƙarƙashin dutse yana da tsadar haƙa, kuɗin man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, ya kuma sa ladan ma'aikata da kayan gyara suka yi tsada. Dokar mai da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta sa masu jarin waje suka ja jiki. A watan Oktoba na 1985 Majalisar Kuza ta Duniya, wadda ke tallafa wa farashi, ta karye, farashin ya zube. Manyan injinan suka tsaya, tsatsa ta ci su.

Tasoshin ruwa kuwa ba su tsaya ba. Lokacin da aka kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a 1950, da kuma lokacin da aka haɗa ta da hukumar madatsun Kwara aka sami NEPA a 1972, an bar NESCO yana cin gashin kansa. Da masu haƙa suka ragu sai ya juya ga masana'antu da gidaje da garuruwan yankin, ya ci gaba da aiki har cikin wannan ƙarni na 21. Duk tasoshinsa in an haɗa ba su kai kashi ɗaya cikin goma na megawat 760 na Kainji ba, amma sun nuna cewa ƙaramar tasha a kan ƙaramin kogi tana iya yin aiki shekaru da dama idan ana kula da ita.

Ramukan ma sun cika da ruwa sun zama ɗaruruwan tafkuna. Wasunsu sun ci rayukan yara da dabbobi. Wasu kuma sun zama abin dogaron masu lambu, waɗanda ke jan ruwansu da rani suna noman tumatir da kabeji da karas da latas ana kaiwa biranen ƙasar. A gefe guda, matasa sun koma tsofaffin filaye suna haƙa rijiyoyi masu zurfi da hannu, aikin da ake kira loto, ba tare da abin tokare rami ba, kuma sau da yawa ƙasa takan rufta da su.

11.0 Kammalawa

An ga yadda ruwan Tudun Jos ya tara kuza, ya wanke shi, ya kuma ba da wutar haƙo shi. An ga cewa lantarkin ruwa a Nijeriya ya fara ne a matsayin bawan ma'adini, inda kuza ya nuna nan waya ta bi. Ribar ta tafi London, manomi ya rasa fadamarsa, talakan da aka ɗebo ya bar ƙashinsa a Tenti. Kuza mai sauƙin haƙa ya ƙare cikin shekara 70 ko 80, kogin kuwa yana nan yana zuba.

Waiwaye adon tafiya. A 2007 aka yi sabuwar dokar ma'adinai wadda ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniyar raya ƙasa da al'ummar da zai yi aiki a cikinta, a 2023 kuma aka yi dokar lantarki wadda ta ba jihohi ikon tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. Duk jihar da za ta ba da kwari ga mai haƙa, ko kogi ga mai madatsa, ya kamata ta fara amsa tambayoyin da ba a yi wa mutanen Kwall da Kurra ba: gonar wa za ta tafi, wa zai cike ramin bayan an gama, kuma ƙauyen da ke gindin turken waya yaushe zai sami wuta. Haka nan akwai aiki a gaban masu nazarin harshe da al'ada. Waɗanda suka ga ɗiban gwamna da idonsu sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu da tsofaffin ma'aikatan kamfanoni suna nan a Bukuru da Barikin Ladi da ƙauyukan Sakkwato da Katsina, da labarai da kalmomin sana'a waɗanda ya kamata a ɗauka a rubuta tun suna da rai.